Gatarin Irmiya da Ɓauren Birai

Akwai wani mutum, mu kira shi Irmiya, wanda shi da ƙanensa Barnaba suka gaji gonaki biyu a bakin wani kurmi mai duhu, inda ruwan sama ba ya hutu. Wani kogi mai zurfi ya ratsa tsakanin gonakin. Ɗaya tana manne da kurmin, ɗayar kuma tana hayin ruwa.

To, kurmin nan cike yake da birai. Akwai ƙanana masu farin hanci kamar sun tsoma shi a gari, akwai baƙaƙe masu doguwar farar jela, akwai jajaye marasa kunya. Tafiyarsu ta sama ce, daga reshe zuwa reshe, ba su kuma son shiga ruwa mai zurfi. In suna ci, ɗaya yakan hau can ƙoli yana gadi. Da ya yi tari, sai ka nemi sauran ka rasa.

Irmiya ya san wannan sarai. Ranar rabo ya dafa kafaɗar ƙanensa ya ce, "Ɗauki ta bakin kurmi, ƙasarta ta fi taushi. Ni babba ne, zan haƙura da ta hayi." Ya koma gida yana dariya, yana cewa ya sama wa birai manomi.

Barnaba kuwa da ya tashi sharar gona, sai ya bar wani ƙaton ɓaure a bakin kogi bai sare ba. Ya rataye gwangwanaye a kan iyaka, ya sami kare. Birai sukan zo da safe su cika kumatu da ɓaure har su gaji, su koma kurmi. Wa zai je ya yi faɗa da kare da ƙoshi a cikinsa?

Ranar Lahadin godiyar kaka, mutum biyu ne suka ɗauko nonon ayabar Barnaba a sanda zuwa gaban ikilisiya. Mata suka yi guɗa. Na Irmiya ma ba laifi, amma ba wanda ya yi masa guɗa. Shekara uku ana haka, har tuwo ya daina wuce masa.

Matarsa Rifkatu ta ce, "Maigida, rumbunmu cike yake. Me ya rage maka?"

Ya ce, "Bana za ki ga wanda za a yi wa guɗa."

Da Barnaba ya tafi taron ikilisiya na kwana uku da karensa a baya, Irmiya ya haye a kwalekwale da gatari. A ransa yana cewa, in babu ɓaure, ai ayabar Barnaba ce abincin birai. Kwana biyu yana sara, hannuwansa suka yi kanta. A rana ta uku itacen ya yi ƙara, ya karkata, amma ba inda ya so ba. Ya faɗi a gicciye bisa kogin, gindi a gonar Barnaba, kai da dukan nunannun 'ya'yansa a tsakiyar ayabar Irmiya.

Birai suka biyo ɓaurensu. Ga gada an yi musu kyauta! A hayin kuwa babu kare, babu gwangwani, gama Irmiya bai taɓa tsare gonarsa ba, da kogi ya dogara. Biri kuma ba ya cin abu ya gama: ya gatsa, ya yar, ya tsinko wani. Mai gadinsu ko tari bai yi ba. Kafin Barnaba ya dawo, gonar ta zama kamar an yi kasuwa an watse.

Barnaba ya tarar da yayansa zaune a kan kututture.

"Yaya, me ya sami itacen nan?"

"Iska ce."

Barnaba ya shafa wurin saran, ya dubi hannuwan yayansa. "Lalle iskar bana ta iya riƙe gatari. Tashi mu datse gadar, kafin su tone maka rogon ma."

Lahadin godiya ta wannan shekara, abin da Irmiya ya kai gaban ikilisiya, ƙanensa ne ya yanko masa daga gonarsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: kogin nan tsaron Allah ne kewaye da kai, wanda ba ka biya komai a kansa ba, har ka manta yana nan. Ɓauren kuwa albarkar ɗan'uwanka ce. Gatarin shi ne hassada. Mai sara yana zaɓen itace, amma ba shi ke zaɓen inda zai faɗi ba.

'Yan'uwa, kada kowa ya saci kallon na kusa da shi, da kai ake. An zaɓi wata ta ja waƙa, ke kuma tun daga ranar kika gano muryarta tana rawa. An yaba wa wani a aji, kai kuma ka fara raɗa a kunnen mutane. Irmiya bai rasa abinci ba sai ran da ya kasa jure guɗar da ake yi wa ƙanensa. In akwai wanda albarkarsa take hana ka cin tuwo, je ka gaishe shi yau, ka yi wa Allah godiya dominsa da bakinka, tun itacen bai karkata ba.