Irin Geron Labbo na Ƙarshe

Akwai wani manomi a wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni, ana ce masa Labbo. In dai maganar gero ce, ba a haɗa shi da kowa a garin. Ba wanda ya naɗa shi, amma Sarkin Noma ake kiransa, shi kuwa in an kira yakan waiga har da gyara hula.

Abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne irin geron da ya gada wurin mahaifinsa. Kowace kaka yakan zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya rataye cikin rumbu. Yakan ce irin nan ya girme shi, kuma ba a hannunsa zai mutu ba.

Sai ga shekarar da korona ta haɗu da fari. An hana taro, an rufe kasuwanni, sama kuma ta yi tsit. Aka yi ruwa ɗaya, kowa ya ruga ya yi shuka, rana ta bi ta ƙone ta ƙurmus. Labbo ma bai tsira ba. Abin da ya rage masa na iri bai wuce na shuka ɗaya ba.

Malamin gona na yankin, Malam Ɗanmusa, da can yakan tara manoma gindin tsamiya ya yi musu bayani. Da aka hana taro sai ya sake dabara. A kowane ƙauye zai zaɓi mutum ɗaya, ya koya masa aiki a gonarsa, ya kuma ɗauki bayanin da muryarsa ya zuba masa a waya. Shi kuma wanda aka zaɓa ya riƙa bin mutane biyar-biyar yana kunna musu.

Labbo na jin haka ya sa aka share ƙofar gidansa, don ya san ba inda malam zai sauka sai nan.

Ranar da malam ya zo, Labbo na zaune bisa tabarma. Ya ga babur ya shigo gari, ya ga takunkumi a fuskar malam, har ya fara miƙewa. Malam Ɗanmusa ya ɗaga masa hannu, ya wuce. Bai tsaya ba sai gonar Bawa.

To wane ne Bawa? Ɗan ƙanen mahaifin Labbo ne, Labbo ya girme shi da fiye da shekara goma. Gonarsa faƙo ce a bakin hanya, ƙasa mai tauri wadda ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito. Mutumin da bai taɓa cika rumbu ba, wai shi ne zai koya wa gari noma.

Labbo ya shiga gida, tuwon ranar nan bai wuce masa ba.

Matarsa Habi ta dube shi ta ce, "Malam, lafiya? Ko jikin ne?"

Ya ce, "Bawa fa. Bawan da ni na koya ma riƙon sungumi. Shi aka ba waya, shi aka ba buhun taki."

Ta ce, "To ai ɗan'uwanka ne. Abin da ya samu kai ka samu."

Ya ce, "Ke dai ba ki san komi ba."

Jama'a, hassada ce ta kama Labbo, ba wani ciwo ba. In ya ji an ambaci Bawa sai ya haɗe fuska. In ya hangi mutane biyar tsaye nesa-nesa a gonar Bawa suna sauraron waya, sai ya ji kamar daga rumbunsa ake ɗibar hatsi.

Bawa kuwa bai san ana yi ba. Washegari da hantsi ya zo ƙofar gidan da wayarsa a hannu, ya yi sallama.

Ya ce, "Yaya, na kawo maka bayanin malam. Minti goma ne kacal, ka saurara."

Labbo ya ɗaga hannu tun daga zaure ya ce, "Tsaya nan inda kake. Ba ka ji an hana cuɗanya ba? Kai da ka wuni da mai yawon gari-gari, mi kaka so ka kawo mini cikin gida?"

Bawa ya ce, "Sai in aje ta bisa dakali in ja baya."

"Ɗauki abinka. In na so koyon noma za ni neme ka."

Sau uku Bawa na zuwa, sau uku ana korarsa da sunan korona. Alhali Labbon nan da yamma yana cikin majalisa kafaɗa da kafaɗa da mutane, ko takunkumi bai taɓa sawa ba. A can ma bai bar Bawa ya huta ba. Yakan ce, "Ni dai ban ce komi ba, amma wanda ke gaisawa da baƙi kullum, a yi hattara da shi." Da wannan maganar ya sa gidaje da dama suka daina zuwa sauraro.

Sai dai akwai abin da ke cin Labbo a rai. Gonarsa na kan tudu, daga can ana hangen ta Bawa tsaf. Kullum yakan fake da gyaran shinge, yana satar kallo.

Ya ga Bawa na haƙa ƙananan ramuka jere-jere, irin waɗanda mutanen Nijar ke kira tassa, yana tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa. Ya ga yana zuba takin gida. Ya kuma ga hannunsa na shiga buhun takin zamani, ya fito, ya sauka cikin rami. Daga nesa iyakar abin da ido ke iya gani ke nan.

Labbo ya yi murmushi ya ce a ransa, ashe wannan ne duk karatun? Za ni yi abin da ya yi, in ninka, kowa ya ga wane ne manomi.

Ranar da aka sassauta doka aka buɗe kasuwar Bafarawa, ya ja awakinsa biyu ya sayar, ya ɗauko takin zamani. Ya haƙa ramukansa, har sun fi na Bawa kyau, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Da aka samu yayyafi sai ya sauko da irin mahaifinsa na ƙarshe. Kowane rami ya cika tafin hannu da taki ya zuba, ya watsa iri a kai, ya rufe.

Habi ta kawo masa fura gona, ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Malam, ba ka rage ko mudu ɗaya ba? Ka tambayi Bawa mana ko haka aka ce a yi."

Ya ce, "Ni in tambayi Bawa? Aje furar ki tafi."

Bayan yayyafin nan sama ta sake ɗaukewa, kwana goma sha takwas ba ɗigo.

Gonar Bawa ta tsiro. Ramukan sun riƙe ɗan danshin da suka samu, geron ya yi kore shar a kan faƙon da aka raina. Gonar Labbo kuwa shiru. Inda geron ya ɗan leƙo ma sai ya yi ja, ya lanƙwashe, ya bushe.

Ran nan da safe Labbo ya durƙusa ya tona rami ɗaya da yatsa. Ya tarar da ƙwayoyin sun yi baƙi, taki ya cinye su. Ya tona na biyu, ya tona na goma, duk labari ɗaya. Sai ya zauna daɓas a ƙasa. Ba abincin shekara kaɗai ya tafi ba, irin da mahaifinsa ya damƙa masa ya ƙare, kuma da hannunsa ya kashe shi.

Yana nan zaune aka yi masa sallama. Bawa ne, ya tsaya daga bakin shinge kamar yadda aka saba korarsa.

Ya ce, "Yaya, in shigo?"

Labbo bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Shigo ka yi dariyarka."

Bawa ya shigo ya duba rami ɗaya. Sannan ya ce, "Nawa ka zuba?"

"Tafin hannu."

"Bisa irin?"

"Ƙarƙashinsa. Suna haɗe."

Sai Bawa ya ciro wayar ya kunna, ya ajiye ta tsakaninsu. Muryar Malam Ɗanmusa ta fito:

"Bawa, kafin kowa, ka fara kai wa Malam Labbo wannan, don shi mutane ke kallo, in ya karɓa gari ya karɓa. Ka ce masa na zaɓi gonarka ne don ta fi ta kowa lalacewa, in abin ya yi a faƙo ba mai sauran gardama. To ku saurara. Takin zamani, abin da yatsu uku suka ɗauka ya isa rami ɗaya. A sa shi gefe, a rufe da ƙasa. Kada a kuskura ya taɓa iri, balle a shekarar fari, don ƙone shi zai yi."

Labbo ya ji sunansa, ya ji laifinsa, duk a cikin minti ɗayan farko. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

Da ƙyar ya ce, "Wanga saƙon ne ka kawo mini sau uku?"

Bawa ya ce, "Shi ne, Yaya."

"Ka san abin da nake faɗi a kanka a majalisa?"

"Ana kawo mini."

Labbo ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Abincin ban damu ba, ko ƙodago za ni yi. Irin Baba ne. Ya tafi ke nan."

Bawa ya ce, "Bai tafi ba. Ka manta shekarar da na yi aure ka ba ni zangarniya bakwai, ka ce in riƙe da kyau? Ban taɓa bari ya ɓace ba. Malam ya ce in shuka sabon iri a rabin gona, rabi kuma namu na gida, a gwada. Wancan rabin na gabas duk na Baba ne. Ya yi yawa cikin ramukan, dole in rage. In Allah ya kawo ruwa, sai mu dasa maka."



Bayan kwana huɗu aka yi ruwa mai kyau. Da sassafe Bawa ya iso da kwanduna cike da 'ya'yan gero da ya cire daga gonarsa. Su biyu da Habi suka wuni suna dashe. Bai isa gonar duka ba, kashi ɗaya cikin uku kawai ya rufe.

Amma kafin nan Labbo ya yi wani abu da ya fi dashen wuya. Ya ari wayar Bawa, ya ɗaura takunkumi, ya bi gidajen da ya hana zuwa ɗaya bayan ɗaya. A kowace ƙofa yakan tsaya daga nesa ya ce, "Abin da na faɗa kan Bawa ƙarya ce, hassada ce ta sa ni. Ku saurari wannan." Wasu sun samu sun gyara. Wasu kuwa lokaci ya riga ya wuce musu, kuma wannan bai daina damun Labbo ba.

Da kaka ta yi, mutumin da ya saba ɗaure dami tamanin ya tashi da goma sha tara. Bawa ya cika rumbunsa karo na farko a rayuwarsa.

Labbo ya zauna ya zaɓi zangarniyoyin iri kamar kowace shekara. Da ya gama sai ya raba su biyu, ya ɗauki rabi ya nufi gidan Bawa.

Ya ce, "Riƙe wannan wurinka. Na ga ya fi tsira a hannunka."

Darasi: Mai hassada yana kallon ɗan'uwansa daga nesa, ya ga rabin abu, ya ƙi tambayar sauran, ƙarshe ya cuci kansa ya cuci wasu. In an ba wani ilimi ya kawo maka har ƙofar gida, ka saurara ko da ƙanenka ne, don ba ka san ko sunanka ne a farkon saƙon ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda zai karanta ya je ya yi tambaya tun irinsa bai ƙone ba.