Mutumin da Ya Ƙi Buga Jikin Mota

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba, shekarun baya can. Sunansa Barmo. Bakanike ne, amma ba ruwansa da inji, ba ruwansa da wayoyin wutar mota, birkin manyan motoci kaɗai ya sani. A wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, har da wata rumfar kwano da ke bakin ƙofar tasha. A rumfar nan yake samun abin da zai kai gida, shi da matarsa Ladidi da 'ya'yansu. Ba shi da gona, ba shi da shago, ba shi da ɗan'uwa mai hali. Rumfar nan ce kawai.

Ku saurara, don ku gane yadda tashar take. Idan an yi wa mota lodi, 'yan kasuwa kan hau saman kayan su zauna, maza da mata, har da masu goyo. Hanyar birni kuwa akwai wata doguwar gangara mai kwana, a ƙasanta gada. Saboda gangarar nan aka yi wata al'ada tun zamanin uban Barmo. Ba wanda zai taka jikin mota sai mai birki ya shiga ƙarƙashi ya duba, ya fito, ya buga jikinta da tafin hannu, fam! fam! ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Da an ji bugun nan sai kowa ya hau. Shaida ce yake bayarwa da hannunsa cewa motar nan za ta tsaya idan an taka mata birki.

To, sai aka fara shigo da motoci masu sabon birki. Tsohon birki, mai ganga, idan fatarsa ta cinye yana sanar da direba. Kamun sai ya yi sanyi, ya yi nisa, direba ya kawo motar, a sa sifana a ɗaure, ya ci gaba da tafiya. Sabon kuwa faifan ƙarfe ne, fata biyu suna matse shi ta gefe da gefe, a ciki kuma akwai wani abu da ke matso da fatar da kansa duk lokacin da ta ragu. Shi yake ɗaure kansa. Direba zai ji birki yana kamawa garau yau, garau gobe, alhali fata tana ƙarewa, har ranar da ƙarfe zai haɗu da ƙarfe. Wanda bai sunkuya ya leƙa da idonsa ba, ba zai taɓa sani ba.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, wani direba mai suna Sallau ya cika motarsa da kwandunan tumatir har sama. Sallau a gaban Barmo ya tashi, Barmo ya san ubansa. 'Yan kasuwa suna tsaitsaye da ƙunshinsu suna jira. Barmo ya shimfiɗa buhunsa ya shige ƙarƙashi. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito sai ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, bai buga ba.

Sallau ya ce, "Baba Barmo, rana tana yi fa."

Barmo ya ja shi gefe, don kada ya kunyata shi a gaban mutane, ya ce, "Sallau, motar nan ba ta da fata a baya. Ta ƙare. Faifan ma ya tsage. Ruwa kake watsa masa idan ya yi zafi, ko?"

"Kowa ma yana watsawa, Baba."

"To ga shi ya tsage. Sai an sa sabuwar fata an canja faifai."

Sallau ya yi dariya. Dariya fa, jama'a! Ya ce, "Baba, jiya na sauko gangarar nan, taɓawa ɗaya ta tsaya cak. Ƙafata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ka ɗan ɗaure shi kawai yadda aka saba."

Barmo ya ce, "Ɗana, wannan ba irin wanda aka saba ba ne. Ba abin da zan ɗaure. Ya riga ya ɗaure kansa har ya kai ƙarshe. Sunkuya ka gani da idonka."

Bai sunkuya ba. Farar riga ce a jikinsa, ba ya son ta yi datti. Kuma ya san kayan gyaran babu su a garin, sai an aiko daga birni, tumatir kuwa ba ya jira. Sai ya juya ya tafi ya kira Sarkin Tasha.

Sarkin Tasha, Alhaji Nababa, shi ke da iko da kowace rumfa a wurin. Ya zo yana jan carbi. Carbi a hannu! Wallahi abin yana ƙona mini rai. Ya ce, "Barmo, mene ne kuma?"

Barmo ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, motar nan ba ta da birkin da zai sauko da ita gangara da wannan kaya. A sauke kayan a wata motar."

"Wace motar? Ka ga wata a nan? Direba ya ce birkinsa lafiya, kai da ba ka taɓa riƙe sitiyari ba kana musu? Buga mana mutane su hau."

"Ranka ya daɗe, ba zan iya ba."

Alhaji ya matso, ya rage murya. Ya ce, "Barmo, ina ganin girman ubanka. Rai a hannun Allah yake, ba a hannunka ba. Ka buga. In ba ka buga ba, ka kwashe sifanunka ka bar mini rumfa yau ɗin nan."

Kai, ku dubi wannan magana. Rai a hannun Allah yake! Gaskiya ne, amma dubi bakin da ta fito da abin da ake so a yi da ita. Mutum zai ɗora mata da jarirai a kan motar da ba ta da birki, sannan ya jawo sunan Allah ya rufe. Kai mai danna waya a can baya, ajiye ta, da kai nake.

Kada ku zaci Barmo bai ji tsoro ba. Ya ji, ya ji ƙwarai. Ya tuna Ladidi, ya tuna cewa hatsin gidan saura kaɗan. Zuciya ta ce masa, to ai wataƙila ta isa. Sallau gwani ne, zai sauko da giya ɗaya a hankali, wa zai sani? Har hannunsa ya ɗaga. Sai ya ga wata mata ta kama ƙarfen jikin motar, ƙafa ɗaya a kan taya, ga goyo a bayanta, ta zuba wa hannunsa ido tana jira. Ba direba take kallo ba, ba Sarkin Tasha ba, hannun Barmo take kallo. Sai ya sauke hannun ya mayar da shi baya.

Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku ji ni. Ban buga ba, kuma ba zan buga ba. Motar nan ba ta da birki. Don Allah kada ku hau."

Kuna tsammani sun gode masa? Zaginsa suka yi! Waɗanda yake ƙoƙarin tserar da su, su suka fara. Wani ya ce tsufa ne ya kama shi. Wani ya ce baƙin ciki yake yi da Sallau don ya samu sabuwar mota. Matar nan mai goyo ma ta ce, "Haba Baba, kai za ka biya mu tumatirinmu in ya ruɓe?" Alhaji Nababa ya ƙwala wa wani mai faci kira, mutumin da bai taɓa kwance birki ba a rayuwarsa. Ya zo, ko leƙawa bai yi ba, ya buga. Kowa ya ɗare. Mota ta tashi.

Kafin azahar an watso wa Barmo kayan aikinsa waje. Ya tattara su a buhu ya saɓa ya tafi gida. Ya yi alwala ya zauna a kan tabarma yana roƙon Allah. Ladidi ta kasa kunne ta ji abin da yake roƙo, sai ta ce, "Malam, addu'a kake yi su isa lafiya? In sun isa lafiya fa, an gama da kai, cewa za a yi ka yi ƙarya."

Ya ce, "Ladidi, a ce na yi ƙarya. Akwai jariri a saman motar nan."

Na ga wasunku sun gyara zama. Kuna jira in ce motar ta ƙwace a gangara ta faɗa gada, aka zo aka durƙusa wa Barmo. Abin da kuke so ke nan, ko? Sai an kwashe gawa sannan ku yarda mutum ya faɗi gaskiya. To ba ta faɗi ba. Allah ya karɓi addu'ar bawansa, motar ta isa birni lafiya lau, aka sayar da tumatir, aka dawo ana shewa. Barmo ya zama abin dariya a gari. In ya wuce sai ka ji wani ya buga bango ya ce, "Baba, wannan yana da birki?"

Ya koma bayan gari, bakin titi, gindin wata bishiyar kuka, ya baje kayansa a ƙasa. Wani lokaci ya samu mai a-kori-kura ya tsaya, wani lokaci ya wuni ba kowa. Gidansa aka koma ci sau ɗaya a wuni. Ladidi ta fara wankau a gidajen mutane. Bai je ya roƙi Alhaji Nababa ba, bai kuma zagi kowa ba. Amma yana jin zafin abin, ba dare ba rana yana jinsa.

Bayan an daɗe, wata ran da sassafe, sai ga babbar mota ta sauka daga titi ta laɓe a bayan kukar, inda ba a hango ta daga hanya. Sallau ya diro yana waige-waige. Ya tsuguna ya gaishe shi, ya ce, "Baba, gobe zan ɗauki Inna da iyalina da 'yan'uwa zuwa biki a birni. Don Allah ka duba mini birki."

Barmo ya ce, "Ba ku da mai dubawa a tasha?"

Sallau ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, wancan ai bugu kawai yake yi." Sannan ya ce, "Ranar nan, a tsakiyar gangara na ji ƙarfe yana cin ƙarfe. Ban san yadda muka sauka ba. Da na isa birni na kai gareji, suka kwance suka nuna mini. Ba fata ko kaɗan, faifan kuma a tsage, yadda ka ce."

"Tun ranar ka sani?"

"Tun ranar, Baba."

"Ka faɗa wa Sarkin Tasha?"

"Baba, ka san halin tasha. In na faɗa, ba wanda zai ƙara ba ni lodi. Don Allah ma kada ka ce na zo nan."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Tun ranar ya sani. Yana zaune ana yi wa dattijon nan dariya, yana ganin Ladidi da ƙunshin wanki a ka, kalma ɗaya daga bakinsa za ta mayar wa Barmo da rumfarsa, ya haɗiye ta. Yanzu da uwarsa za ta hau, ya san inda mai gaskiya yake.

Ran Barmo ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi ba. Ya so ya ce masa tashi ka ba ni wuri, kuma da ya faɗa, ba mai ganin laifinsa. Ya dubi Sallau ya ce, "Ka cuce ni, Sallau. Ka sani, ka cuce ni. Amma Innarka ba ta yi mini komai ba." Ya ja buhunsa ya shige ƙarƙashin motar.

Ya duba ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara abin da ke buƙatar gyara. Sallau ya kai iyalinsa lafiya ya dawo da su lafiya, kuma bai buɗe baki a tasha ba har abada. Barmo bai koma rumfar ubansa ba. A gindin kukar nan ya ƙarasa kwanakinsa.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Gaskiya ba ta jiran haɗari kafin ta zama gaskiya. Wanda ya ba da shaidar zur ya yi laifi ko da motar ta isa, wanda ya ƙi bayarwa ya tsira a wurin Allah ko da duniya ta kore shi. Kuma wanda ya san an zalunci mai gaskiya ya yi shiru don tsoron abincinsa, yana cikin zaluncin dumu-dumu.

Kada kowa ya ce shi ba bakanike ba ne. Kai magini, ka san ka rage siminti a ginshiƙi, ka ce wa mai gida ya tare. Kai mai kemis, ka san maganin ya lalace, ka miƙa wa uwa ta kai wa ɗanta. Kai da aka tambaye ka halin mai neman aure, ka san abin da ka sani, ka ce mutumin kirki ne. Duk kun ba da shaidar da ba ku duba ba, ko kun duba kun ɓoye. Amma wanda ya fi ba ni tsoro a cikinku shi ne mai irin halin Sallau. Akwai wanda ke zaune a nan yanzu, ya san wani mutum da aka kora, aka ɓata wa suna a kan gaskiya, kuma ya san kalmar da za ta wanke shi. Mutumin nan yana raye tukuna. Ka tashi ka je ka faɗa yau, a gaban mutanen da aka yi masa ƙaryar, tun kafin a ɗauke shi ko a ɗauke ka. Allah ya ba mu ikon yi, ya kuma jiƙan Barmo.