Kakin da ke kan teburin Malam Barau

An ce wai ranar Talata aka binne Tabawa, matar Malam Barau, kafin sadakar bakwai kuwa teburinsa ya lalace.

Shi Barau mai kwafar littattafai ne, mutum mai yawan karatu da ƙarancin godiya. Shekara ashirin da takwas yana rubutu a kan teburin nan a tsakar gida, ƙarƙashin reshen mangwaron maƙwabcinsa Tanko, wanda ya tsallako katanga. Yanzu danƙo na ɗiga, garin fure na bi yana mannewa, takarda in ta kwanta ba ta tashi sai ta bar rabin rubutunta. Sai ya kai ƙara a sare itacen, alhali a kansa amyoyin zuman Tanko ke rataye, da su yake ciyar da gidansa.

Alƙali ya ce, "Malam, yaushe itacen ya fara wannan ɓarna?"

"Allah ya gafarta malam, kwana shida ke nan."

"Itace ɗan shekara talatin ya sake hali cikin mako guda? Ko ɗan Adam bai iya wannan ba. Mu je in ga teburin."

Da suka isa, alƙali ya kankari gefen teburin da farce, ya sansana. Ya ce, "Kakin zuma ne da man kaɗe. Kuma ba shafa ɗaya ba ce, ba ɗari ba. Wa ke shafawa?"

Barau ya ce, "Ni dai nakan fito in tarar yana sheƙi. Na ɗauka kyan katako ne."

Tanko ya sunkuyar da kai, ya ce, "Duk ɗiban zuma, marigayiya kan aiko a ba ta kaki. In ka tafi sallar asuba muna jin ta tana gogewa, in ka tashi da yamma ta rufe da tabarma. Ta hana a gaya maka, wai kada ka ce mace tana taɓa kayan karatu."

Alƙali ya ce, "Ga hukunci. Itacen da ya kawo cutar shi ya kawo maganin, ba za a sare shi ba tukuna. Tanko, ka ba da kaki kamar yadda ka saba. Kai kuwa malam, ka goge teburin da hannunka kwana arba'in. In bayan nan kana son gatari, ni zan ara maka."

Barau bai koma neman gatari ba. A kwana na tara da fara gugar, kafaɗarsa ta riƙe, ya zauna ya lissafa asubahin shekara ashirin da takwas. Ya aika wa alƙali littafi da rubutun hannunsa, ya kai wa Tanko gaisuwa har zaure.

Masu hikima sun ce aikin da ya fi kyau ba ya barin alama, shi ya sa mai shi ke tafiya ba a gode masa ba. Barau ya gode wa alƙali, ya gode wa Tanko, har itacen ya gode wa. Saura magana guda, wadda bai taɓa samunta a littafi ba balle ya kwafa: sannu da aiki, Tabawa.