Ranar da Sagir Ya Kira Sunan Sadiya

Akwai wata baiwar Allah a Ƙofar Marusa mai suna Rakiya. Mijinta Malam Sammani direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya a kan gida. Ɗansu ɗaya, Sagir, ɗan shekara uku.

Yayan Rakiya ya rasu a Batagarawa, matarsa ta bi shi kafin shekara ta zagayo. Sai Rakiya ta ɗauko 'yarsu Sadiya riƙo. Shekararta tara, ba ta da yawan magana. Sagir kuwa ya liƙe mata, duk inda ta sa ƙafa yana biye.

Tun zuwan yarinyar, Hajiya Indo, yayar Malam Sammani, ta sa mata ido. Irin matan nan ce da ko kaza ta mutu sai sun nemo wanda ya kalle ta.

"Rakiya, yarinyar da ta cinye uwa da uba kika kawo ma ƙanena gida? Uwar tata ma wa ya san asalinta?"

"Haba Yaya, marainiya ce fa," in ji Rakiya.

Da damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kama Sagir, maigida kuma ba ya gari. Wata rana bayan azahar jikin ya rikice. Yaro ya sanƙare, idanunsa suka juye, yana ta cewa, "Sadiya... Sadiya..."

Kun dai san halin mutanenmu. In marar lafiya ya ambaci suna cikin magagi, shi ke nan, wai ya tona asirin mayen da ya kama masa kurwa.

Hajiya Indo ta saka salati ta yi waje. Kafin Rakiya ta nemo hijabinta, tsakar gida ta cika da mata, samari sun tsaya a zaure, wasu da sanduna.

"A tuɓe ta ta tsallaka shi, ta sakar mashi kurwa," in ji Hajiya Indo. "In ta ƙiya, ga samari nan."

Rakiya ta tsorata ƙwarai. Ɗanta yana fizge-fizge a hannunta. Ta san in Sadiya ta tsallaka shi, sunan mayya ya bi ta har kabari, ba mai ƙara cin abinci da ita kwano ɗaya. In kuma yaron ya cika bayan haka, samarin nan ba za su bar ta da rai ba. Duk da haka wani abu ya ɗarsu a ranta wanda ita kanta ta ji kunyarsa: to in gaskiya ne fa?

Sai ga Sadiya ta fito daga bayan randa. Ta kama bakin rigarta ta fara ɗagawa.

"Gwaggo, in ni ce, wallahi ban sani ba. Ki bari in tsallaka shi, kar shi mutu."

Maganar nan ta soki Rakiya. Ashe har yarinyar ta fara yarda da abin da ake faɗa a kanta. Ta sauke mata rigar, ta goya Sagir, ta damƙe hannun Sadiya.

"Ba mai tuɓe mani ɗiya. Wanda zai taɓa ta, shi fara da ni. Asibiti za mu tahi."

"In ya mutu a hanya, alhakinshi na wuyanki," in ji Hajiya Indo.

Rakiya ta ratsa zauren. Wani saurayi ya ɗaga sanda, ta tura Sadiya gabanta ta kare ta da hijabi, ba ta waiwaya ba har suka samu keke napep. A hanya Sagir ya daina magana. Shirun nan ya fi komai tayar mata da hankali.

A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani. Aka yi masa allura, aka ɗaura ƙarin ruwa. Likita bai yi mata alkawarin komai ba, ya dai ce a yi addu'a.

Sadiya ta ƙi shiga ɗakin. A baranda take wuni, ko gadon ba ta yarda ta kalla. Hajiya Indo kuwa kullum tana zuwa ta zauna, tana jiran abin da ta faɗa ya tabbata.

Wata safiya Sagir ya buɗe ido. Ya dubi uwarsa, ya dubi Hajiya Indo, sannan ya ce, "Sadiya."

Yarinyar ta jiyo daga bakin ƙofa. Ta durƙushe ta toshe kunnuwanta.

"Gwaggo, ban yi mashi komai ba."

Rakiya ta tashi ta kamo hannunta, ta kawo ta har bakin gado, a gaban Hajiya Indo.

"Amsa mashi. Ƙanenki ne ke neman yayarshi."

"Na'am," in ji Sadiya.

Sagir ya riƙe mata yatsa gam. "Koko zan sha. Ke za ki ba ni."

Hajiya Indo ta sunkuyar da kai, ta zuba koko a kofi, ta miƙo wa Sadiya da hannunta.

Darasi: Maraya ba shi ya kashe iyayensa ba, kuma yaron da kake riƙo yakan yarda da duk sunan da ka ba shi. Ka kira shi ɗa, ka tsaya masa ranar da kowa ya juya masa baya, marar lafiya kuma a kai shi asibiti da wuri. Ku tura wa duk wanda yake riƙon ɗan wani.