Gammon Nomau Ɗan Dakon Mai

Jikata da ke jami'a ta zo tana mini burga, wai an gano wasu 'yan mitsi-mitsin halittu a jikin mutum da dabba da itace, har da laimar kwaɗi, aikinsu kawai ɗaukar maiƙo daga wannan tantani su kai wancan, ba sa lasa. Na ce yarinya, zauna! Ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba na riga malamanku ganin irinsu, da idona, a shekarar yunwar da ta kwashe sa'o'ina ta bar ni tsaye.

Ku saurara. A wani gari an yi wani bawan Allah, Nomau, ɗan dako. Man shanu yake ɗaukowa a gora daga rugar wata Bafulatana, Dudu, ya kai cikin gari. Matarsa Kuluwa tana goyo, yunwa ta ƙafar da nononta, jaririyar ko kuka ba ta iyawa sai dai ta buɗe baki.

Rannan da rana tsaka goran ya tsage a kansa. Kafin ya ankara man ya tsiyaye, gammon tsummansa ya sha ya ƙoshi. Ya biya ta gida. Kuluwa na jin ƙanshi ta miƙe har tana tangaɗi, ta ce a tafasa gammon nan a kwashe man, ai kowa ya san abin da ya zube a hanya ya zube, ba a tambayar ɗan dako. Ta miƙo masa 'yar, ta ce ya duba.

Jama'a, ya duba! Ya duba har hawaye ya zubo. Sannan ya ce, "Kuluwa, gammon nawa ne. Man ba nawa ba ne."

Ya juya, ya sake taka wannan uwar tafiya zuwa ruga, ya ajiye wa Dudu fasasshen gora da tsumma. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin Kaɗo, wato Bahaushe, da ya dawo da maiƙo ba. Ta tafasa tsumman, ta kwashe, ludayi ɗaya cur. Da ta ji abin da ya baro a gida, dariyar ta tsaya.

"Maza ka kawo min su, tun rana ba ta faɗi ba."

Kuluwa ta zauna a ruga tana shan kindirmo har damina ta sauka. Nono ya kawo, jaririya ta tsala kukan da ya firgita maruƙa. Jaririyar nan ta rayu, ta ga jikoki, ita ce ma take ba ku labarin nan!

To amana ke nan: abin da aka ba ka ka kai, ka kai shi, har wanda ya maƙale a tsummanka. Kai direba, ke mai rabon abincin marayu, ku duba naku gammon. Wanda kuma ya ce ƙarya nake, ga ni nan, ya tashi ya faɗa a gabana in ya isa.