Madubin Namadi

Akwai wani mutum a Fakku, ta ƙasar Kebbe, mai suna Namadi, wanda ya sadaukar da rani guda wajen raya gadon mahaifinsa.

Gadon wani tsohon ɗaki ne mai taya, irin wanda ake ja da mota, kaji na kwana a ciki.

Masu aikin hanya ne suka bar wa mahaifinsa shi tun Namadi yana goye. Jikinsa alminiyam ne, irin na tukunya, amma rana da ruwa sun mayar da shi toka-toka. Babu wanda ya damu, har ranar da wani a kasuwar Tambuwal ya nuna wa Namadi hoton irinsa a waya, yana sheƙi. Ya ce a Turai sai masu hali ke da shi.

Daga ranar Namadi ya gane ashe shi mai hali ne, labarin ne bai iso shi da wuri ba.

Ya kori kajin. Ya fara da toka da lemun tsami, ya koma soson ƙarfe mai laushi, ya ƙare da man goge ƙarfe da tsumma. Baƙin da ke fita ya shige masa farce. Matarsa Batula ta nemi zanenta na biki, ta same shi a yayyage cikin bokiti.

Gaskiya dai aikin ya yi. Ƙarfen ya koma madubi, tun daga nesa yake kashe ido.

Sai ya sa aka turo shi ƙofar gida, daidai inda shanu ke bi zuwa rijiya, don masu wucewa a babur su gani.

Ƙanin mahaifinsa, Baffa Maccido, ya tsaya ya daɗe yana kallo.

“Namadi, mi kaka nufi da wanga abu nan?”

“Ado ne, Baffa.”

“Maishe shi bayan gida, ko ka rufe shi da zana. Sa bai san madubi ba. In ya ga wani sa gabanai, faɗa za ya yi.”

Namadi ya yi dariya. “Baffa, ni da nika gugar abu tun kaka, in rufe shi don sa? Ku dai ba ku son ganin na gida ya haska.”

“To, Allah shi kyauta,” in ji tsohon, ya wuce.

Namadi yana da bajimi guda na huɗa, wanda yake haɗawa da na maƙwabcinsa su nome gonakinsu biyu. Abincin gidan na shekara a wuyan wannan sa yake, ga damina ta kawo kai.

Da hantsi Namadi ya jawo shi za su rijiya. Bajimin ya ja tunga. A gabansa ga wani sa, girmansu ɗaya, ya zuba masa ido babu ladabi. Ya tona ƙasa, wancan ma ya tona. Ya sunkuyar da kai, wancan ma haka.

Namadi ya saki igiya ya shiga tsakani da hannu a ware. Ba san yake karewa ba, ƙarfen yake karewa.

Bajimin ya kai karo ya haɗa da shi, ƙashin ƙugun Namadi ya karye. San ya ja baya ya sake kai karo, ƙafarsa ta shige ƙarƙashin ƙarfen da ake jan ɗakin da shi ta ɓalle. Kafin azahar aka yanka shi.

Ruwan shuka ya sauka Namadi yana kwance hannun mai ɗori. Maƙwabcin ya haɗa sansa da na wani. Gonar ta yi ciyawa har ƙirji, Batula ta kwashi yara zuwa gidan iyayenta a Sanyinna, inda akwai hatsi. Baffa Maccido ne ke aiko masa da fura, bai taɓa cewa “ai na faɗa” ba, wanda hakan ya fi ciwo.

Gefen ɗakin da bai lotsa ba yana nan yana sheƙi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya tsaya ya gyara zaman hularsa a jiki.

Darasi: Idan wanda ya girme ka ya ce ka kawar da abin alfaharinka daga hanya, ba lallai hassada ce ba, wataƙila hanyar ya fi ka sani. Ku tura wa ’yan uwa, musamman wanda kuka san ba zai saurara ba.