Ƙofar da Mai Walda Ya Liƙe

An yi wani mutum, mai walda ne, shagonsa na bakin wata babbar hanya. Ya 'yan uwa, ba zan ɓoye muku alherinsa ba. Yana salla a kan lokaci, ba ya cin haƙƙin kowa, kuma duk layin babu mai hannu irin nasa. In ya haɗa ƙarfe da ƙarfe, to sun haɗu ke nan. Abokan sana'a har tsokanarsa suke, wai ɓarawo in ya ga ƙofarsa, gaishe ta yake yi ya wuce.

Amma akwai wuta a ƙirjin bawan Allahn nan. Shekara tara baya, 'yan ta'adda suka tayar da bam a tashar mota, ƙaninsa yana cikin waɗanda suka rasu. Shi ya je asibiti, kuma da takalmi ya gane gawar. Wa zai ce masa kada ya ji ciwo? Ni dai ba zan ce ba.

Yana da ɗa, babban saurayi, ana ce masa Dogo. A hankali Dogo ya soma canjawa. Kullum abin sauraro a kunne, yana jin wani mutum da bai taɓa gani ba. Ya daina cin abinci da su. Ya daina gaida maƙwabta. Wata rana ya dubi idon ubansa ya ce sallarsa ba salla ba ce. Mai Walda ya ɗauke shi da mari. Da ya maimaita, ya ƙara masa. Daga nan Dogo bai sake faɗa ba, amma kada ku ɗauka ya bari. Bakin kawai ya rufe. Uwarsa ta ga ƙaramar jaka a ƙarƙashin gadonsa, an shirya ta tsaf, tun daga ranar barcinta ya zama rabi.

Ana cikin haka sai wani kafinta ya kama shago a bayan layin. Kowa ya san ko shi wane ne, don bai ɓoye ba. Ya taɓa zama cikin 'yan ta'addan nan a daji. Da ƙafarsa ya fito ya miƙa kansa, aka kai shi gaban alƙali, ya faɗi abin da ya yi, ya yi shekara bakwai a gidan yari. Aka sallame shi da takarda, kuma kowane wata yana zuwa ofishin 'yan sanda ya sa hannu.

Dogo ya je shagon ne don ya zage shi, ya ce masa matsoraci, maci amana. Kafinta bai rama ba. Ya miƙa masa kan katako ya ce, "Riƙe mini nan, ka ci gaba da zagin, ina ji." Da zagin ya ƙare sai ya tambaye shi, "Shi mai yi maka magana a waya, 'ya'yansa nawa ya tura dajin?" Dogo ya ajiye katakon ya fita. Washegari ya dawo da hujjoji. Jibi ma ya dawo. Kafinta ba ya ɗaga murya. Yana yanka katako yana ba shi labarin abin da idonsa ya gani: yunwa, ƙarya, da wata tsohuwa da ta roƙe su da sunan Allah ba su saurara ba, wadda har yau yake jin muryarta.

Wata uku ana haka. Rannan Dogo ya shigo gida ya durƙusa ya gaida uwarsa, ya ce ko akwai sauran abinci. Ta juya baya tana zuba masa don kada ya ga hawayenta. Da ta leƙa ƙarƙashin gado, jakar tana nan, amma an kwashe rabin kayan an mayar cikin akwati. Har ya soma haɗa mata 'yar kujerar tsuguno da hannunsa.

Ita ce ta gaya wa mijinta wurin wanda Dogo yake zuwa, cikin murna. Kaico! Da ta sani.

Mai Walda ya miƙe tsaye. "Wurin wa? Wurin wanda 'yan uwansa suka kashe mini ƙani?"

Ta ce, "Malam, ka dubi yaron nan da kyau. Ya fara dawo mana. Don Allah ka bar su."

"Ke me kika sani? Haka suke farawa, da daɗin baki."

To, ku ji, da farko ya yi abin da ya dace. Ya tafi ofishin 'yan sanda. Wani jami'i mai furfura ya ba shi kujera, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Mun san samari na zama wurinsa, shi da kansa ya sanar da mu. Idonmu yana kansa. In ka ga wani abu, ko ka ji, kawo mana, a ranar za mu ɗauke shi. Amma ba ma kama mutum don zato. Ka ba mu mako ɗaya, mu sake dubawa."

Mako ɗaya, ya 'yan uwa. Kwana bakwai kacal. Wanda ya ɗauki ciwo shekara tara, me zai hana shi ɗaukar kwana bakwai? Amma ya fito yana cewa hukuma ta zama tasu, alƙali ya sayar da jinin ƙaninsa.

Washegari bayan azahar ya ɗora injin waldarsa a baro. Mutane suka biyo shi, masu zuga da 'yan kallo. Ƙofar shagon kafinta ta ƙarfe ce, an janyo ta. Ya ce yau zai rufe shagon nan rufewar da babu mai buɗewa. Wani tela ya riƙe masa hannu ya ce, "Haba maigida, mutumin fa yana ciki, yakan ɗan kishingiɗa a ɗakin baya."

Ya ce, "To ya kwana biyu a ciki, ya ji yadda ake ji."

Ya saukar da baƙin tabarau a kan idonsa. Ya bi bakin ƙofar tun daga sama har ƙasa, aiki mai kyau, irin nasa. Shekara talatin yana wannan sana'a. Shi yake korar mutane daga kusa da tartsatsi, shi yake cewa a kawar da ko tsumma ne. Ya manta abin da ke zube a ƙasan shagon kafinta? Bai manta ba. Fushi ne ya rufe masa ido fiye da tabarau.

Tartsatsi ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya faɗa garin katako. Kafin a ankara hayaƙi ya turnuƙe. Aka ji bugu daga ciki. Tagar baya da sandunan ƙarfe take. Masu zuga suka watse. Mai Walda da kansa ya ɗauki guduma yana dukan waldarsa, yana kuka, yana kiran a taimaka. Ba ta saki ba. Ai waldarsa ba ta saki.

Dogo ya iso bayan an fasa bango, ana fito da gawar kafinta. Bai yi kuka ba. Bayan kwana huɗu, da hantsi, ya tsaya a bakin ɗakin uwarsa da jakar nan a kafaɗa. Ya ce, "Umma, kafinta ya ce mini in mutum ya dawo ana karɓarsa. Na ga yadda ake karɓa." Ta riƙe rigarsa, ya zare hannunta a hankali. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Dokar da Mai Walda ya raina, ita ta hana dangin kafinta su taɓa shi. Aka ba shi lauya, aka ji ta bakinsa, aka ba shi duk abin da shi ya hana wani. Sannan aka yanke masa shekaru masu yawa. Yanzu haka yana bayan ƙofar ƙarfe. Duk ranar ziyara matarsa takan je, tambayarsa ɗaya ce: "Ya dawo?" Sai ta girgiza kai. Kujerar nan tana ɗakinta, ƙafa uku gare ta, ta hana kowa ya ƙarasa.

Ya 'yan uwa, mugun ra'ayi ta kunne yake shiga, da magana ake fitar da shi. Mari ba ya kai wa inda yake zaune. In kun ga ɗanku ya fara kaucewa, ku jawo shi kusa, ku saurare shi ko maganar da ɗaci, ku nemo masa wanda zai iya da shi. In kun ga abin tsoro, ku kai wa hukuma, ku kuma yi haƙurin jiran ta. Wanda ya yi laifi aka hukunta shi ya tuba, kada ku liƙe masa ƙofa, don akwai na baya suna kallo, suna auna ko su ma za a karɓe su. Wanda ya mai da kansa alƙali, ya yanke hukunci babu shaida, me ya raba shi da waɗanda yake ƙi?

Allah ya kiyaye mu daga fushin da ke rufe ido. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu, waɗanda suka ɓata ya juyo da su gida, ya kuma sa su tarar da ƙofa a buɗe. Amin.